Baƙon Da Ba Ya Sallama: Rediyo, Talabijin Da Alhakin Magana

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Waɗanda suka yi wannan karin magana sun yi ta ne a zamanin da muryar mutum ba ta wuce inda maƙogwaronsa zai iya kai ta, wato daga ƙofar gida zuwa bakin kasuwa, ko daga dandali zuwa ƙarshen unguwa. Duk da haka sun tsorata da baki, har suka ce shi ke yanka wuya. To ina ga zamanin da mutum guda zai zauna cikin wani ɗan ɗaki a Kaduna ko Yamai ko Landan, ya buɗe baki, dubun-dubatar jama'a su ji shi a lokaci ɗaya, tun daga Agadas har zangon Kumasi?

Abin da muke so mu tattauna a wannan fitowa shi ne: idan magana ta fita ta rediyo ko talabijin, ta haifar da alheri ko ta jawo masifa, alhakin yana wuyan wa? Na wanda ya furta ne, ko na mai gidan rediyon, ko kuwa na mai sauraren da ya kunna akwatinsa da hannunsa? Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye, mu marubuta, domin mafi yawan abin da ake ji a waɗannan kafofi wani ne ya zauna ya rubuta shi kafin a karanta. Labarai rubutu ne, wasan kwaikwayo rubutu ne, haka sharhi da talla. Kafin murya ta fita, alƙalami ya riga ya yi aikinsa.

Shingaye uku na da

Kafin mu ga abin da rediyo ya canja, ya kamata mu tuna yadda al'ummarmu take tsare kanta daga sharrin magana a da. A ganinmu shingaye uku ne.

Na farko shi ne fuska. Duk wanda zai yi wa jama'a magana an san shi, an san gidansu, an san wanda ya aiko shi. Mai shela ba ya fita sai da izinin sarki, kuma idan ya ƙara gishiri akwai inda za a kai ƙara. Maroƙi idan ya yi zambo, gobe zai haɗu da dangin wanda ya yi wa a kasuwa. Mai ƙarya kuwa sunansa ya ɓaci ke nan, ko gaskiya ya zo da ita sai an nemi shaida. Kunyar idon jama'a ita ce linzami.

Na biyu shi ne amsa. A majalisar dattawa ko a gindin bishiya, mai magana yana kallon masu jinsa. Idan ya kauce, wani zai ce masa a'a Malam, ba haka aka yi ba, ina wurin. Almajiri a gaban malaminsa yana iya neman a maimaita, ya kawo abin da ya shige masa duhu. Magana tana zuwa tana dawowa, a cikin wannan kai-da-komo ne ake rairaye tsakuwa daga cikin tsaba.

Na uku shi ne zaure. Baƙo ba ya faɗawa cikin gida. Zai tsaya ya yi sallama, a amsa masa, maigida ya fito ya ji abin da ke tafe da shi, sa'annan ya zaɓi abin da zai shigar wa iyalinsa. Addini ma ya ƙarfafa wannan, domin Suratun Nur ta yi umarni da neman izini da yin sallama kafin shiga gidajen mutane. Har gobe akwai gidajen da za ka ga an rubuta “ba shiga” a jikin ƙofa.

Rediyo ya zo ya tsallake duka ukun a rana ɗaya. Murya ce ba fuska, tana magana ba a mayar mata, kuma tana wuce zaure ta zarce har ƙuryar ɗaki.

Yadda baƙon ya iso

A Amurka aka fara watsa shirye-shirye a kai a kai a 1920, a Ingila kuma aka kafa BBC a 1922. Shugabanta na farko, John Reith, ya ɗora aikin gidan a kan abubuwa uku: sanarwa, ilmantarwa da nishaɗantarwa. A watan Disamba na 1932 BBC ta buɗe sashen da ke watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka, kuma ta wannan hanya ce rediyo ya shigo Nijeriya. A farkon lamari ba a kama shi ta iska kamar yadda muka sani daga baya. Ana karɓar shirin ne a wuri ɗaya, a rarraba shi ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidajen masu biya da wuraren taruwar jama'a. A Kano an fara wannan a 1944, aka maƙala lasifikoki a wurare irin su ƙofar majalisar sarki da ɗakin karatu da gidan waya. Abin lura a nan shi ne, wannan akwati ba shi da abin sauya tasha. Ko dai ka ji abin da aka aiko, ko ka bar wurin.

A 1951 aka kafa ma'aikatar watsa labarai ta ƙasa, wadda ta zama hukuma mai zaman kanta a 1957. Tun a waɗannan shekaru rigimar haƙƙin amsa ta taso. A 1953, bayan 'yan jam'iyyar Cif Obafemi Awolowo sun fice daga majalisa a kan batun 'yancin kai, Gwamna Macpherson ya soki matakinsu ta rediyo. Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mayar da martani ta gidan, aka hana shi. Wannan na cikin abubuwan da suka sa aka dage har tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen. Jihar Yamma ta buɗe gidan talabijin a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, Jihar Gabas ta biyo baya a 1960, Jihar Arewa kuma ta kafa nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna. Wato dai tun daga tushe, gidajen nan an gina su ne domin kowane ɓangare ya sami bakin da zai yi magana da shi.

Daga waje ma muryoyi sun yi ta shigowa da harshenmu. Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris, 1957 da shirin minti 15. Muryar Jamus da Rediyon Sin sun fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Babu ɗaya daga cikin ƙasashen nan da ta kashe kuɗinta domin son Hausa kawai. Kowace tana da abin da take so mu ji game da ita da kuma game da abokan hamayyarta. Da ƙaramin rediyo mai batir ya wadata kuwa, sai baƙon ya bar bangon gidan waya ya koma kafaɗar makiyayi, da rumfar mai shayi, da gefen tabarmar tsohuwa.

Abin da baƙon ya kawo na alheri

Zai zama butulci a ce rushewar shingayen nan hasara ce zalla. Shinge yana kare mutum, amma kuma yana iya tsare shi. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma jarida sai wanda ya iya karatu, ko wanda ya sami mai karanta masa. Rediyo bai tambayi kowa takardar makaranta ba. Manomin da bai taɓa riƙe alli ba ya san sunan Majalisar Ɗinkin Duniya, ya san rikicin Gabas ta Tsakiya, har yakan yi musu a kai da ɗan boko ya kayar da shi. Macen da ke cikin kulle, wadda a da sai abin da maigida ya shigo mata da shi, ta ji labarin duniya da kunnenta, ta ji bayanin likita a kan ciki da goyo, ta aika gaisuwa a filin Zaɓi Sonka aka karanta sunanta duniya ta ji.

Harshen kansa ya ci riba. Masu fassara a gidajen rediyo su ne suka yi ta faman ƙirƙiro kalmomin da za su ɗauki sababbin abubuwa, har suka zama ruwan dare. Bahaushen Tamale da na Garwa da na Sudan suka rinƙa jin Hausa iri ɗaya kowace safiya. Waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo, waɗanda asalinsu na fada ne, da na Shata da Ɗanmaraya Jos, suka zama mallakar kowa. Shirye-shirye irin su Zaman Duniya Iyawa Ne da Samanja Mazan Fama sun koya wa mutane zaman tare cikin raha. Mu kanmu marubuta muna da bashin rediyo a kanmu, domin ba ɗaya ba ba biyu ba daga cikin marubutanmu sun fara ne da aika labari filin Shafa Labari Shuni na Rediyon Kaduna.

Ilmin addini ma ya sami sabuwar hanya. Gidan rediyon Kaduna ya yi shekara da shekaru yana watsa tafsirin Shaihu Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello, daga baya ya haɗa da na Shaihu Dahiru Bauchi. Karatun da a da sai wanda ya yi tattaki zuwa zauren malami, ya zama yana isa ƙauyen da ba a taɓa ganin malamin ba. Wannan ya farkar da jama'a matuƙa. Sai dai kuma saɓanin da malamai kan yi a tsakaninsu, da littattafai a gabansu, ya faɗo hannun wanda ya ji rabin magana, ba shi kuma da damar tambaya. A nan ne za mu fara ganin cewa ƙofar da alheri ya shigo ta ita, ta nan ɗin dai akasinsa kan bi.

Ranar da baƙon ya juya

Duk wanda ya rayu a Nijeriya daga 1966 zuwa 1990 ya san abin da kiɗan badujala da sassafe yake nufi. Ranar 15 ga Janairu, 1966 daga gidan rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa, bayan an kashe Sardauna. Ranar 13 ga Fabrairu, 1976 Laftanar Kanar Dimka ya yi nasa daga Legas, ranar da aka kashe Janar Murtala. Ranar 22 ga Afrilu, 1990 Manjo Gideon Orkar ya shiga gidan rediyo a Legas ya ce an cire jihohin Sakkwato da Borno da Katsina da Kano da Bauchi daga Nijeriya. Me ya sa duk mai son ƙwace mulki yake fara neman gidan rediyo? Domin ya san cewa a idon talaka, abin da rediyo ya faɗa ya riga ya tabbata. “Rediyo ne ya faɗa” ta zama hujjar da ake rufe musu da ita. Wannan yarda amana ce da ma'aikata masu gaskiya suka tara a hankali, sai mai bindiga ya zo ya kwashe ta a sa'a guda.

Akwai misalin da ya fi wannan ciwo. A ƙarshen watan Satumba na 1966, lokacin da zukata suka riga suka yi zafi, gidan rediyon Kwatano ya ba da labarin cewa ana kashe 'yan Arewa a Jihar Gabas, aka kuma maimaita labarin a Kaduna. Masana tarihi da dama sun lissafa wannan cikin abubuwan da suka rura wutar kashe-kashen da suka biyo baya a garuruwan Arewa, inda dubban Inyamurai suka rasa rayukansu, ƙasa kuma ta ƙara gangarawa zuwa yaƙin basasa. Wanda ya maimaita labarin zai iya cewa ba shi ya ƙirƙira ba, ya ji ne ya faɗa. To amma wanda ya ɗauko garwashi daga murhun wani ya ajiye a kan danni, zai ce ba shi ya hura wutar ba?

A Jamus, gwamnatin Hitila ta fito da wani rediyo mai araha a 1933, da gangan domin muryarta ta shiga kowane gida. Bayan yaƙi, a shari'ar Nuremberg ta 1946, an yanke wa Julius Streicher, mai jaridar da ta yi shekaru tana cusa ƙiyayyar Yahudawa, hukuncin rataya. Amma Hans Fritzsche, babban jami'in rediyo na gwamnatin, kotun ta sallame shi, sai daga baya wata kotun Jamus ta ɗaure shi. Wato har a lokacin duniya tana kokonto: shin wanda bai riƙe makami ba, murya kawai ya bayar, mai kisa ne?

Ruwanda ce ta tilasta aka amsa tambayar. A watan Yuli na 1993 aka buɗe gidan rediyon RTLM a Kigali. Bai zo da fuskar dodo ba. Ya zo da kiɗan zamani, da barkwanci, da hira irin ta majalisa, har matasa suka kamu da sonsa. A cikin wannan raha ne aka rinƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai. Da kisan kiyashi ya ɓarke a watan Afrilu na 1994, gidan ya koma karanta sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya. Cikin kimanin kwana 100 an kashe mutum wajen 800,000. Ranar 3 ga Disamba, 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ke Arusha ta sami biyu daga cikin jagororin gidan da laifi, Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza, tare da Hassan Ngeze, editan jaridar Kangura. Ya kamata mu marubuta mu tsaya a kan sunan Nahimana. Ba jahili ba ne, malamin tarihi ne a jami'a, mai rubuce-rubuce. An yanke masa ɗaurin rai da rai, aka rage zuwa shekara 30 bayan ɗaukaka ƙara a 2007.

Uzurori uku

Idan aka kawo waɗannan misalai, akwai uzurori uku da aka saba bayarwa, kuma kowanne yana da ƙamshin gaskiya, don haka ya kamata a duba su da adalci.

Na farko, a ce rediyo kamar wuƙa ce, ana yanka rago da ita ana kuma yanka mutum, laifin na mai riƙewa ne. Haka ne, amma wannan bai wanke kowa ba, sai ma ya nuna mana wanda za mu tuhuma, domin mai riƙe da wuƙar a nan shi ne mai magana da wanda ya rubuta masa. Bugu da ƙari, kwatancen bai cika ba. Wuƙa ba ta sa wanda aka nufa da ita ya so ta. Rediyo kuwa sai ya zama aboki tukuna, ya raka ka gona, ya ɗebe maka kewa da dare, ya sa ka dariya. Cutar aboki ta fi ta baƙo shiga jiki, domin ba a yi mata shiri ba.

Na biyu, a ce ai mai sauraro yana da hankali, kuma hannunsa na kan maɓalli. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan ma gaskiya ne. Babu wanda rediyo ya ɗaga hannunsa ya sara wa maƙwabci adda. Suratul Hujurat ta ɗora wa mai jin labari nauyin bincike kafin ya aikata abin da zai yi nadama, kuma “a rediyo na ji” ba za ta zama hujja a gaban Allah ba. A Ruwanda ma akwai waɗanda suka ji duk abin da aka faɗa, suka ɓoye maƙwabtansu. Wani masanin tattalin arziki, David Yanagizawa-Drott, ya kwatanta ƙauyukan da tashar ta isa da waɗanda tsaunuka suka tare, a binciken da ya buga a 2014, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka shiga kashe-kashen ana iya danganta shigarsu da rediyon. Mai son wanke rediyo zai ce to ga shi nan, kashi 90 ba ruwansa. Mu kuwa muna cewa, kashi 10 na irin wannan aiki dubban rayuka ne. Raba alhaki tsakanin mai faɗa da mai ji ba ya nufin rabon daidai wa daida. Mai sauraro kunne biyu gare shi da gida ɗaya. Mai makirfo yana da lokacin shiri, yana da hanyar bincike, ya san yawan masu jinsa, kuma ya san da yawansu ba su da wata kafa da za su gwada maganarsa da ita. Wanda aka fi ba iko shi aka fi tambaya.

Na uku, a ce to tunda haka ne, gwamnati ta riƙe linzami, ta tace duk abin da zai fita. Tarihin da muka kawo ya isa amsa. Rediyon Hitila na gwamnati ne. A Nijeriya, daga kafa NTA a 1977 da Rediyon Tarayya a 1978 har zuwa dokar soja mai lamba 38 ta 1992, wadda ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, duk gidajen na gwamnatoci ne, kuma wannan bai hana su zama kakakin duk wanda ke kan kujera ba. Shi ya sa mutanenmu suka rinƙa kama gajeren zango domin su ji abin da ya faru a garinsu daga bakin Landan. Doka tana da amfani, musamman a kan mai ingiza jama'a ga zubar da jini, amma wanda ya damƙa wa hukuma dukkan maganar ƙasa ya haɗa dukiyarsa wuri ɗaya ne domin ɓarawo ya huta da yawo.

Talabijin da wanda ya biyo bayansa

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a nan ne ƙarfin talabijin yake, a nan ne kuma yaudararsa take. Mai kallo yana ganin kamar shi shaida ne, alhali idon wani aka ara masa. Mai kyamara ne ya zaɓi inda zai haska, mai tacewa ya zaɓi abin da zai yanke. Taron mutum 200 yana iya zama teku, zanga-zangar dubbai kuma ta zama kamar ba a yi ba. Tasirinsa a kan ɗabi'a kuwa a hankali yake shiga. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 gidan talabijin na Kano ya rinƙa nuna finafinan Indiya, matan da ba sa zuwa silima suka kalla a tsakar gida. Duk wanda ya karanta littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990, ya kuma kalli finafinan Hausa da suka biyo baya, ya ga inda wannan iri ya tsiro. A ɗaya ɓangaren, talabijin ɗin ne ya mayar da Magana Jari Ce wasa, ya kai Abubakar Imam ga yaran da ba su taɓa buɗe littafin ba.

Bayan 1992 tashoshi sun yawaita, wayar hannu kuma ta dawo da wani abu na shingen amsa, domin mai sauraro yana iya bugowa ya ce ba haka ba ne. Amma an sami sabuwar cuta, ta sayar da fili ga duk mai kuɗi, har aka sami masu sana'ar da ake kira sojojin baka, waɗanda ake biya su ci mutuncin abokin hamayya. Da intanet ta zo kuwa, kowa ya zama gidan rediyon kansa. Tambayar da a da ta shafi ma'aikata ƙalilan yanzu ta hau kan duk mai waya a aljihu.

Abin da ya rage a kanmu

Matsayinmu shi ne, tunda na'ura ta rushe shingayen da al'umma ta gina a waje, wajibi ne mai magana ya sake gina su a cikin zuciyarsa. Wanda aka ɗauke wa kunyar ido, sai ya riƙe kunyar Allah. Kafin mu miƙa rubutu a karanta, mu tambayi kanmu: da mutumin da nake magana a kansa yana zaune a gabana, da 'ya'yansa, zan faɗi wannan haka? Wannan shi ne mayar da fuska. Sa'annan mu tambaya: na bar wa wanda na soka ƙofar da zai amsa, na kuma faɗi hujjarsa yadda shi zai yarda cewa tasa ce? Wannan shi ne mayar da amsa. A Nijar an gwada hakan a aikace tun 1962, da aka kafa ƙungiyoyin masu sauraren rediyo a ƙauyuka, inda mutane ke taruwa su ji shiri tare, su tattauna, a ɗauki ra'ayinsu a rakoda a mayar gidan rediyo a watsa. Na ƙarshe, mu tuna cewa muna shiga gidan mutane ne, akwai yara a tsakar gida, akwai mai jego, akwai wanda aka yi wa rasuwa jiya. Wannan shi ne sallama.

Kada a fahimce mu da cewa muna kira ga tsoro ko rufe gaskiya. Marubucin da ya ga zalunci ya yi shiru domin kada a ce ya tayar da hankali, shi ma ya ci amanar masu jinsa. Bambancin da muke so a kiyaye shi ne tsakanin sukar aiki da ƙasƙantar da jinsin mutane. A faɗi abin da shugaba ya yi, da hujja, da suna, da rana. Amma ranar da alƙalaminmu ya fara kiran wata ƙabila ko mabiya wata aƙida da sunan dabba ko ƙwaro, ko da cikin wasan kwaikwayo ne, ko da masu sauraro suna dariya, mu san cewa mun hau hanyar da aka taɓa bi, an kuma ga inda ta ɓulle.

Ga 'yan'uwa masu tasowa, waɗanda burinsu shi ne a ji labarinsu a rediyo ko a ga wasansu a talabijin, muna cewa buri ne mai kyau, ku neme shi da ƙarfinku. Littafi yana jiran mai karatu ya zo gare shi, kuma idan an sami kuskure ana iya gyarawa a bugu na biyu. Abin da ya fita ta iska ba shi da bugu na biyu. Tsohon da ya ji shi a gona ba zai ji gyaran da aka yi bayan mako ɗaya ba, ya riga ya kai shi majalisa, ya rantse cewa da kunnensa ya ji. Wannan yarda tasa ita ce jarin da muke ci, kuma ita za a tambaye mu.

Allah Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu, Ya sa abin da za mu shigar gidajen jama'a ya zama abin da za mu so a shigar gidajenmu, amin.